Maigidana mai dashen ƙoda ne, Hajiya ta ce dole ya shiga taron bikin ƙanwarsa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yanmu huɗu. Shekara biyu da rabi ke nan da aka yi wa maigidana dashen ƙoda, bayan ya shafe wata goma sha ɗaya ana yi masa wankin ƙoda. Ƙaninsa ne ya ba shi ƙodar. Tun daga ranar yake kan magungunan da likita ya ce suna rage garkuwar jiki, kuma shan su babu ranar dainawa. Tun da korona ta shigo nake kaffa-kaffa da shi. An yi masa allurar rigakafin korona sau biyu, ta biyun a watan Yuni. To, ƙarshen wannan wata na Disamban 2021 za a yi bikin autarsu. Shi ne babba, mahaifinsu ya rasu. Hajiya, mahaifiyarsu, ta ce shi zai ba da aure a masallaci bayan Juma'a, kuma wasu daga cikin baƙin da za su zo daga ƙauye da Kaduna a gidanmu za a sauke su. Da na ce a rediyo ana ta cewa masu irin lalurarsa su guji cunkoso, sai ta ce korona ta ƙare, zumunci a ƙafa yake, ni ce na mallake mata ɗa. Wani abokinsa ya ce ya ajiye maganin na mako biyu garkuwarsa ta dawo, ya riƙa shan tazargade. Wani kuma ya ce kada ya yarda a yi masa allura ta uku, za ta kashe ƙodar. Shi kansa ya gaji, jiya yake ce mini ya zama fursuna a gidansa. Anti, yaya zan yi? Daga ƙanwarki a Kano.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah Ya ƙara wa maigida lafiya, Ya sa ƙodar nan ta zauna masa har tsufa, Ya saka wa ƙaninsa da mafificin alheri. Na karanta wasiƙarki sau biyu. Macen da ta yi wata goma sha ɗaya tana zama a bencin ƙofar ɗakin wanki, tana jiran a turo mata miji a galabaice, ta san abin da take gudu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ki bari maganar mallaka ta shiga ranki har ta hana ki barci.

Zan fara da shawarar abokin nan, don ta fi bikin tayar mini da hankali. Kada maigida ya ajiye maganinsa, ko na kwana ɗaya, kada kuma ya rage ko rabin ƙwaya sai da bakin likitan da ke duba shi. Garkuwar jiki ba ta san ƙani ba, ba ta san uwa ɗaya uba ɗaya ba. A wurinta ƙodar nan baƙuwa ce da ta shigo gida ba sallama, kuma aikinta ta far wa baƙo. Magungunan da ake bai wa masu dashe, waɗanda galibi za ki ga an rubuta tacrolimus, mycophenolate da prednisolone a jikin kwalinsu, su ne ke riƙe hannunta dare da rana. Ranar da aka sake ta, ƙodar za ta fara kai wa hari tun kafin ta waiwayi korona, kuma sau da yawa mutum ba ya jin komai a jikinsa sai ɓarna ta yi nisa, sai a gwajin jini ake gani. Mako biyun da abokin yake faɗa da baki kamar wasa ya isa a yi asarar abin da ƙani ya kwanta aka yanka shi a kansa, a koma wanki sau biyu ko uku a mako. Shi kuwa prednisolone yana da nasa haɗarin daban: jikin da ya daɗe a kansa yana rage haɗa irin nasa sinadarin, to idan aka yanke shi kwatsam jini na iya faɗuwa, mutum ya yanke jiki. Akwai lokacin da likita da kansa kan rage ɗaya daga cikin magungunan idan mai dashe ya kamu da korona, amma wannan lissafi ne da ake yi da sakamakon gwaji a gaba, ba a majalisar abokai ba.

Tazargade ma ki ɗauke ta daga gidan. Na san yadda ta yi tashe a Kano a 2020, kowane gida da ƙullinta, ga sirace, ga citta da kanumfari da lemon tsami. Mai lafiya ya sha shayin citta ba wanda zai hana shi. Amma tacrolimus magani ne mai tsukakken ma'auni, shi ya sa ake yawan auna shi a jini: ya yi ƙasa ƙoda ta shiga haɗari, ya yi sama ya zama guba ga ƙodar da yake karewa. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe na iya ɗaga shi ko su sauke shi ba tare da kowa ya sani ba. Haka magungunan kemis. Idan mura ta kama shi kada a aika yaro ya sayo clarithromycin ko erythromycin, suna ɗaga tacrolimus sosai. Kada ya sha ibuprofen ko diclofenac ko haɗin ƙwayoyin nan na ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, suna cutar da ƙoda. Farasitamol ne abin da aka saba yarje wa masu dashe, shi ma bisa adadin da likita ya faɗa.

Sai batun wai korona ta ƙare. Da ma haka ne, da na fi kowa murna. Ranar 26 ga Nuwamban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa sabon nau'in da aka gano a kudancin Afirka suna Omikron, ranar 1 ga Disamba kuma hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta sanar cewa an same shi a Najeriya. Yana yaɗuwa da sauri fiye da na baya, ya kuma iso daidai lokacin sanyi da bukukuwa da tafiye-tafiyen ƙarshen shekara. Na fahimci abin da ya sa Hajiya take ganin ta ƙare: kasuwa cike, masallaci cike, ba ka ganin takunkumi sai a ƙofar banki, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu mura ce da ciwon jiki na kwana uku su miƙe. Ga mafi yawan mutane haka ne. Ɗanta ba ya cikin mafi yawan mutane. Wani bincike da aka yi a 2020 kan masu dashe 482 da suka kamu, akasarinsu a Amurka, ya nuna cewa cikin waɗanda aka kwantar a asibiti kusan ɗaya cikin biyar bai wuce kwana 28 ba. A can ke nan, inda iskar oksijin ba ta yankewa.

Mu mutanen Kano ba sai an ba mu labari ba. Ina tune da Afrilun 2020, azumi na ƙaratowa, yadda ake sallar gawa a layinmu safe da la'asar har muka daina tambayar ko wane ne, sai dai a ce dattijon gidan kaza. Kawuna yana cikinsu. Yana da ciwon suga, ya je gaisuwar mutuwar amininsa ya zauna a zaure kwana uku ana musabaha, bayan mako biyu muka zauna tasa gaisuwar. A watan Yuni na shekarar ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona, mafi yawansu masu wata lalura a jiki tun da farko. Har yau in na wuce zauren nan sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Shi ya sa ba na iya ɗaukar wasiƙarki da sauƙi.

Abin da kika ji a rediyo gaskiya ne, kuma ba daga bakin mai gabatar da shiri ya fito ba. Tun 2020 NCDC take cewa tsofaffi da masu ciwon suga, hawan jini, ciwon daji, ciwon ƙoda da masu raunin garkuwa su rage fita, su guji taro, su sa takunkumi, su ci gaba da shan magungunansu. A Janairun 2021 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta takunkumi a bainar jama'a, ta ce a bar tazarar mita biyu, kada taro a rufaffen wuri ya wuce mutum 50, wuraren ibada kuma kada su wuce rabin abin da suke ɗauka. Ke da ni mun san inda dokar ta tsaya. Kuma ga inda nake ganin gazawar irin wannan shawara: ana faɗa wa marar lafiya ya kare kansa, alhali kariyarsa ba a hannunsa take ba. Yaya mutum zai guji taro idan taron ne za a kawo masa falo da akwatuna?

Ingila ta gwada wata hanya. A Maris na 2020 gwamnatinsu ta tura wasiƙa ga mutum kusan miliyan ɗaya da rabi da ta ware a matsayin mafi shiga haɗari, masu dashe a sahun farko, ta ce su zauna a gida mako 12. Ba ta tsaya a nan ba: ta riƙa kai wa mabuƙata kwalin abinci ƙofar gida, aka shirya masu kai magani, kuma wasiƙar ta zama hujjar da mutum zai nuna a wurin aiki. Ta yi wa mutanen gida bayani su ma, kan tazara da buɗe tagogi da raba tawul da kwanon ci. Mu ba wanda zai turo wa maigida wasiƙa, ba wanda zai kawo kwali. Abin da gwamnati ta yi musu a can, a nan iyali ne za su yi: ke, yaranki, ƙannensa, da Hajiya kanta. Garkuwar da magani ya ɗauke masa, ku ne za ku zama ita. Idan aka kalli maganar ta wannan fuska, kiyaye shi ma zumunci ne, kuma shi ne wanda aka fi buƙata daga dangi a wannan wata.

Allura ta uku: ya je a yi masa, cikin makon nan in da hali, bayan ya gaya wa likitansa. Dalili shi ne allura tana aiki ne ta hanyar koya wa garkuwar jiki gane cuta, to garkuwar da aka riƙe wa hannu ba ta ɗaukar karatu da wuri. Likitocin Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun auna masu dashe 658 bayan allura biyu, suka buga sakamakon a watan Mayun 2021: kashi 46 cikin ɗari ba su nuna alamar kariya a jininsu ba sam. Masu shan mycophenolate sun fi shiga wannan rukuni. Shi ya sa Amurka ta amince da allura ta uku ga masu dashe tun 12 ga Agustan 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a Oktoba ta ce masu raunin garkuwa su karɓi ƙarin allura wata ɗaya zuwa uku bayan ta biyu, a matsayin cikon ta farko. A nan gida hukumar lafiya a matakin farko ta fara ba da allurar ƙari daga 10 ga Disamban 2021 ga wanda ya cika wata shida da ta biyu. Tasa ta Yuni ce, ya cika. Ku tafi da katinsa. Jiki na buƙatar kamar mako biyu kafin ta kama, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Tsoron allura a Kano yana da tushe, ba zan raina mai shi ba. Ba a manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, aka ba rabinsu shi, rabi kuma wani magani, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda ya ga wannan dole ya yi tambaya. Amsar ita ce allurorin korona da aka yi amfani da su a ƙasar nan a 2021, AstraZeneca da Moderna da Pfizer da Johnson & Johnson, an yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane su a ƙasashen da suka ƙera su da ma Saudiyya, kuma babu ƙwayar korona mai rai a cikin ko ɗaya, don haka ba za su sa masa cutar ba. Likitocin dashe a ko'ina suna ba da shawarar a yi. Wadda aka hana masu dashe ita ce allura mai ƙwayar cuta da aka raunana, kamar ta zazzaɓin shawara da ta ƙyanda. Ki riƙe wannan don ranar da zai nemi katin tafiya Umara. Sannan ke ma ki yi taki, da duk wani baligi da ke kwana a gidan, har mai aiki da direba idan akwai. Ko bayan ta ukun kada ku ɗauka an gama. Ta rage haɗari ne, sauran yana wuyanku.

Yanzu bikin. Ki raba shi gida-gida, domin ba duka ne haɗarinsa ɗaya ba. Cutar nan a iska take tafiya, cikin numfashi da magana da tari, tana kuma taruwa a ɗaki rufaffe kamar yadda hayaƙin turaren wuta ke cika ɗaki ya kama labule. Ki kunna kasko a tsakar gida, minti kaɗan ƙamshin ya watse; ki kunna shi a falo da tagogi a rufe, gobe ma za ki ji shi. Haka numfashin mai ɗauke da cutar yake, kuma yana iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji alama. Ga shi lokacin hunturu ne, kowa ya rufe taga saboda ƙura da sanyi, kowa na tari, ba mai iya bambance murar sanyi da waninta.

Saboda haka abin da ya fi komai haɗari a cikin lissafin Hajiya shi ne saukar baƙi. Mutum goma daga garuruwa daban-daban, sun kwaso motar haya, su kwana huɗu a gidanku, banɗaki ɗaya, falo ɗaya, ana hira har tsakar dare, kowa na leƙa ɗakin maigida don gaisuwa. A kan wannan kada ki sassauta. Amma kada ki ce a'a ki tsaya hannu rabbana. Ku ɗauki nauyin masaukin a wani wuri: gidan ɗaya daga cikin ƙannensa, ko gidan maƙwabci da ke da ɗaki, ko ku kama musu ɗakuna idan aljihu zai ɗauka. Ki ce abincin baƙin daga tukunyarki zai fito safe da dare. Idan aka ga kuloli na fita daga gidanki, mai cewa kin ƙi dangin miji zai rasa abin kamawa.

Ɗaurin aure ya fi sauƙi. Waliyyi na da damar wakilta wani, kuma a al'adarmu ma sau nawa baffa ne ke ba da aure uba na zaune a gefe? Idan akwai baffansu, girmamawa ce a ba shi. Idan babu, ƙanin da ke bi masa ya isa. In kuwa zuciyarsa ba za ta iya jure rashin halarta ba, kuma na san autar da ya riƙa bayan rasuwar uba kamar 'yarsa ce, to a nemi limamin ya ɗaura a harabar masallaci ko a ƙofar gida bayan jama'ar Juma'a sun ragu. Ya zo da takunkumi mai kyau irin N95 ko KN95 wanda ya kama fuska, ba ƙyallen atamfa da ya dace da hula ba, ya tsaya ta gefen da iska ke kaɗawa, ƙannensa biyu a dama da hagu suna karɓar hannun jama'a a madadinsa, shi ya ɗora hannu a ƙirji. Da an shafa fatiha ya shiga mota. Ban da walima, ban da ɗakin taro mai na'urar sanyaya ɗaki, ban da cire takunkumi don hoto a cikin mutane. Wannan ba ya kawar da haɗari gaba ɗaya, kuma likitansa ya san da shirin kafin ranar.

Akwai ƙofar da ake mantawa da ita, wato ke da yara. Za ku je kamu, ku je yini, ku raka amarya, ku dawo ku kwana gida ɗaya da shi. Ki zaɓi abin da ba makawa, ki sa takunkumi a ƙarƙashin mayafi ko da facaloli za su yi magana, ki zauna ta bakin ƙofa. Bayan biki, na kwana bakwai zuwa goma, ya kwana ɗakinsa shi kaɗai da taga a buɗe, ku ci abinci a tsakar gida ko a rarrabe, wanda zai shiga wurinsa ya sa takunkumi ya wanke hannu da sabulu. Duk wanda ya fara mura ko ciwon maƙogwaro ya nisance shi, a je a yi gwaji. Yaran da suka yi wayo ki zaunar da su ki yi musu bayani. Za ki sha mamakin yadda yaro ke tsare lafiyar ubansa idan aka ba shi amana.

Maganar Hajiya kuwa, ki janye bakinki daga ciki. Gaskiya ce kike faɗa, amma daga bakin suruka ba za ta shiga ba, kuma duk ƙarin bayani ƙarin laifi ne. Wanda ya fi kowa haƙƙin magana a gidan nan shi ne ƙanin da ya ba da ƙodar. Ki same shi ta hannun maigida ko ta hannun matarsa. Shi ne zai iya durƙusawa gaban mahaifiyarsa ya ce, Hajiya, tabon nan da ke gefena ban yi shi don a yi biki ɗaya a rasa Yaya ba, kuma ba ni da wata da zan sake bayarwa. Babu uwar da za ta ji wannan ba ta yi shiru ba. Idan ranar asibiti ta zo kafin biki, a tafi da Hajiya ta ji daga bakin likita, ko a roƙe shi ya rubuta 'yar takarda, ko ya yi mata magana ta waya minti biyu. Ki tuna ita ma tsoro ne ke cinta, irin nata: ta aurar da auta ba miji a raye, ga babban ɗa ba ya wurin, mutane za su ce me? Ku ba ta amsar da za ta bai wa mutane. «Likita ne ya hana» magana ce da za ta iya faɗa da kai a sama.

Idan aka kawo zancen tawakkali, addini yana tare da ke. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta ɓarke a can ya juya da jama'arsa, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba take da fita daga cikinsa. Ko aikin Hajjin 2021 mutum 60,000 kacal aka bari, duk mazauna Saudiyya, masu shekara 18 zuwa 65, waɗanda aka yi wa allura, aka kuma ce mai ciwo mai tsanani da ya daɗe a jiki ya haƙura. Idan rukunin Musulunci ya ɗauki uzurin irin maigida, ɗaurin aure zai ɗauka. Malamin da Hajiya take ganin girmansa zai fi ni iya faɗa mata wannan.

Kalmar fursuna da ya faɗa ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma ina roƙonki kada ki wuce ta. Namiji da ya saba kasuwa da majalisa da sahun farko, yau kusan shekara biyu ana ce masa kada ka fita, kada ka gaisa, ga ciwon da ya riga ya rage masa ƙarfi, dole ransa ya ƙuntata. A Ingila ma da yawa daga cikin waɗanda aka killace sun fito da damuwa da kaɗaici. Mutumin da ya gaji shi ne wanda wata rana zai yar da takunkumi ya ce abin da zai faru ya faru, ko ya saurari aboki irin wancan. Don haka ki sassauta inda babu haɗari sosai. Ya fita tafiya da sassafe ko bayan la'asar inda ba cunkoso, motsa jiki ma alheri ne ga ƙodar. A shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ko ƙarƙashin bishiya, aminai biyu ko uku da suka yi allura su zo a yi hira da tazara, kowa da kofinsa. Sallar Asuba da Isha'i a masallacin unguwa, inda mutane ba su da yawa, a sahun waje da dardumarsa da takunkuminsa, abu ne da zai iya tattaunawa da likita idan wannan guguwar ta lafa. Kuma ki daina zama mai gadi. Ki ajiye masa bayanan nan a gaba, ki ce Abban yara, jikinka ne, amanar ƙaninka ce, mu tsara tare. Shawarar da ya yanke da kansa zai fi riƙe ta, kuma shi zai faɗa wa mahaifiyarsa da bakinsa.

Ki shirya wa ranar da ba a fata. Ki tanadi maganinsa na aƙalla wata ɗaya kafin hutun ƙarshen shekara. Ki sayi ma'aunin zafin jiki da 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa tana nuna yawan oksijin. Masu shan prednisolone zazzaɓinsu kan ɓuya, don haka kada ki jira jiki ya yi zafi rau. Kasala da ba a saba ba, tari, ciwon maƙogwaro, gudawa, amai, raguwar fitsari, ko zafi ya kai 38, duk dalili ne na kiran likitansa a ranar, ba gobe ba. Kada a ce maleriya ce a sayi magani a jira kwana uku. A gwada duka biyun, maleriya da korona. Gudawa tana da muhimmanci ta musamman, domin tana ɗaga tacrolimus a jini tana kuma busar da jiki, ƙodar dashe kuwa ba ta son ƙishirwa. In ya yi amai har maganin bai zauna ba, asibiti za ku tafi. Oksijin ya sauka ƙasa da 94 ki kira, ya kai 92 ko numfashi ya fara sama-sama ku kama hanya ko tsakar dare ne. Idan gwaji ya nuna ya kamu, masu raunin garkuwa kan daɗe suna ɗauke da cutar fiye da sauran mutane, har zuwa kwana 20, saboda haka likita ne zai ce ya fito.

Yau da daddare ki ɗauki takarda ki rubuta sunan kowane magani da adadinsa da lokacin shansa, da ranar dashe, da lambar likitansa, da lambar NCDC ta kyauta 6232, da lambar wanda zai tuƙa ku idan dare ya yi. Ki yi kwafi biyu, ɗaya a jakarki, ɗaya ki manna a bayan ƙofar ɗakinsa. Gobe da safe ku kira ƙanin. Allah Ya sa a yi biki lafiya, Ya ba amarya zaman lafiya a ɗakinta, ki rubuto mini bayan an watse.